Gansakuka a tankin murjani: abin da na rubuta daga Fabrairu zuwa Mayu

4 ga Fabrairu

Tankin gilashi ne na ruwan gishiri, na kiwon murjani da kifi, mai lita 200, da wani ƙarami a ƙarƙashinsa inda na'urar kumfa mai cire datti daga ruwa da famfon mayar da ruwa suke. Duwatsun busassu ne, ba waɗanda aka ciro daga teku da rai ba, yashin ma sabo. Gishiri 35 cikin dubu, wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi digiri 25. Bakteriyar tacewa ta kafu, amoniya ta sauka sifili. Kifi biyu ne kawai a ciki, nau'in Amphiprion ocellaris.

Tun farkon makon nan wata ƙura mai ruwan ƙasa ta fara rufe yashi da gilashi. Idan na goga da yatsa sai ta tashi ta watse, ba ta yauƙi, ba ta yin zare, ba ta riƙe kumfar iska. Wannan dayatom ce, wata ƙaramar gansakuka. Ƙwaya ɗaya ce kowacce, kuma da silika, sinadarin da ke cikin yashi, take gina kwansonta, don haka sabon yashi da ruwan da bai tatu sosai ba su ne abincinta. Kusan duk sabon tanki yakan bi ta nan, in silika ta ƙare ita ma ta ƙare.

Na auna ruwan da na'urar tace ruwa ta RO/DI ke fitarwa, TDS, wato ma'aunin abubuwan da suka narke a ruwa, ya nuna 3 maimakon 0. Silika tana cikin abubuwan da ke fara tsallake matattarar ƙarshe idan ta gaji, shi ya sa na sauya ta. Bayan wannan ba zan taɓa komai ba.

11 ga Fabrairu

Na zuba katantanwa: Trochus shida, Cerith goma. Trochus na zaɓa a kan Astraea don tana iya juyowa da kanta in ta faɗi rigingine. An tallata min Nassarius na ƙi, domin ita mushe da ragowar abinci take ci, ba ruwanta da gansakuka.

23 ga Fabrairu

Ƙurar ta ja baya da kanta. Yanzu siririn kore ne ke hawa gilashi, ina kankare shi da maganaɗisu. Murjani masu laushi uku sun shiga. Fitila awa tara a rana. Canjin ruwa kashi 10 cikin ɗari.

6 ga Maris

Koriyar gansakuka mai kama da gashi ta fito a saman duwatsu biyu da suka fi kusa da fitila. Kafin in yi wani abu na tsinko kaɗan na sa a farin faranti da ɗan ruwa, na duba da gilashin ƙara girma, domin iri biyu ne suke kama da juna daga nesa kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Derbesia zare ne siriri mai laushi, ba shi da tsari, yana tsinkewa da sauƙi. Bryopsis kuma tana da kara a tsakiya da 'yan rassa jere hagu da dama, tana kafa saiwa cikin ramukan dutse, kuma yawancin masu cin ganye ba sa kula ta. Masu tankuna da dama maganin fluconazole suke sa mata. Tawa ba ta da kara ba ta da rassa. Derbesia ce, alhamdu lillahi.

Abin da ya ɗaure min kai da farko shi ne gwaji: naitaret 2, fosfet 0.02, sinadaran da gansakuka ke ci ke nan, duk ƙasa-ƙasa, amma gashi sai tsawo yake yi. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Gwaji abin da ya rage a ruwa yake nunawa, ba abin da ya shigo ba. Gansakukar tana zuƙe abincin da zarar ya bayyana, kuma busasshen dutse yakan zo da fosfet manne a jikinsa, yana sakin sa a hankali daidai gindin gashin. To ina gwaji zai gan shi?

Na sa tiyo ina zuƙa da hannu ɗaya, ɗayan ina tsinka, don kada gutsattsarin su yi yawo su kama wani wuri. Bayan haka na bi da tsohon buroshin haƙori. Wannan aikin hannun dole ne, domin katantanwa ba ta cin gashi in ya yi tsawo. Sai an aske mata shi sannan ta riƙe wurin.

Mutane sukan ɗora laifin gansakuka duka a kan naitaret da fosfet, su manta da halittun da ke cin ta. A tekun Karebiyan, tsakanin 1983 da 1984, annoba ta kashe fiye da kashi 90 na bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema antillarum. A gaɓar Jamaika, inda masunta suka riga suka kwashe kifaye masu cin ganye, kuma guguwar Allen ta yi ɓarna a 1980, murjani ya faɗo daga kusan kashi 50 na ƙasan teku zuwa ƙasa da kashi 5 a farkon shekarun 1990, gansakuka ta mamaye wurin. Teku guda ke nan, balle lita 200.

14 ga Maris

Gashin ya dawo rabin tsawonsa. Na ɗauki matakai biyu. Na sa garin ƙarfe mai kama fosfet, wanda ake kira GFO, a cikin jakar raga inda ruwa ke wucewa. Sannan na ware sashe ɗaya a tankin ƙasa na sa dunƙulen Chaetomorpha, wata koriyar gansakuka da ake raino da gangan, da fitilarta, tana kunnuwa da dare lokacin da ta sama ta mutu. Manufar ita ce ta ci abincin a can ƙasa inda zan iya yanke ta in zubar, kuma hasken dare yana rage faɗuwar pH, wato ƙaruwar tsamin ruwa.

An ba ni Caulerpa, wata gansakukar da ake rainonta don wannan aikin, kyauta ban karɓa ba. Tana girma da sauri, amma tana iya narkewa dare ɗaya ta saki duk abin da ta tara, ruwa ya yi fari fat. Kuma tarihinta ba kyau. A 1984 aka fara ganin ɗan facin Caulerpa taxifolia a gaɓar Monako, irin da ake rainonta a tankuna, daga nan ta bazu ƙasashe da dama na Bahar Rum. A 2000 ta ɓulla a Kalifoniya, sai 2006 aka sanar da cewa an gama da ita. Duk abin da na yanke daga tanki, kwandon shara yake tafiya bayan ya bushe, ba magudanar ruwa ba.

20 ga Maris

Tsinka, goga, canjin ruwa kashi 15. Na rage abincin kifi. Chaetomorpha ta ninka.

29 ga Maris

Gashin ya koɗe, yana fita da kansa in an taɓa. Duwatsu sun yi fari tas. Naitaret 0, fosfet 0.00. Murjani ɗaya ya ɗan dushe, ba ya buɗewa sosai da rana.

5 ga Afrilu

An gudu ba a tsira ba.

Launin ruwan ƙasa ya dawo kan yashi da duwatsun da gashi ya bari, har da ƙusoshin famfo. Kallon farko mutum ya ce dayatom ce ta sake zuwa, amma halinta daban. Tana da yauƙi. Tana yin zaruruwa dogaye da ke miƙewa sama, kowanne da kumfar iska a bakinsa. Da asuba kafin fitila ta kunnu yashi yakan kusa yin fari, zuwa la'asar ya rufe ruf. Dayatom ba ta ɓacewa da dare ta dawo da rana haka. Mafi muni, Trochus biyu sun mutu, sauran sun daina hawa gilashi, suna kwance ƙafa a sake.

Abubuwa uku ne masu launin nan ake rikitawa: dayatom, sayanobakteriya, da dainofilajelet, wadda masu tankuna ke taƙaitawa daino. Sayano takan yi shimfiɗa mai kauri, ja ko shuɗi-kore ko baƙi-baƙi, in aka hura mata ruwa ta ɓare falle-falle. Ita ma tana riƙe kumfa, shi ya sa kumfa kaɗai ba hujja ba ce.

Na yi gwajin tacewa. Na zuƙo yauƙin da ruwa a kwalba, na girgiza sosai har ya narke, na tace ta takardar goge hannu, ruwan ya fito kusan garau. Na ajiye shi ƙarƙashin fitila. Kafin awa guda zaruruwa masu ruwan ƙasa sun sake haɗuwa a cikin kwalbar. Daino ce ke yin haka, domin ƙwayoyinta suna iyo da 'yan bulalarsu biyu, suna ratsa takarda su sake taruwa.

Yadda na fahimci abin: GFO da Chaetomorpha da rage abinci da yawan canjin ruwa sun haɗu sun share ruwan ƙarƙaf. Gashi ya mutu, amma tare da shi duk ƙananan gansakuka da bakteriya da ke rufe fuskar dutse sun yi rauni. Daino tana iya rayuwa inda wasu suka kasa, nau'o'i da dama ba da haske kaɗai suke ci ba. Dutse fari tas fili ne da babu mai shi. Abin da masu tankuna suka daɗe suna lura da shi ke nan, cewa ta fi ɓulla inda naitaret da fosfet suka kai sifili, musamman a tankin da aka fara da busasshen dutse.

8 ga Afrilu

Sanin cewa daino ce bai wadatar ba, sai an san wacce. Wani abokina da ya riga ni shiga harkar ya zo da maikuroskop irin na ɗalibai. Muka ɗiga yauƙin a gilashi, ya daidaita a ninki 100, ya leƙa, ya ce, “Malam, zo ka ga baƙinka.”

Ƙwayoyi ne masu ruwan zinariya, faɗi a gefe ɗaya tsini a ɗaya, kuma kowacce tana zagaye wuri guda da tsininta a ciki, kamar akuya ɗaure a turke. Wannan motsin na Ostreopsis ne. Da Amphidinium ce, da mun ga ƙwayoyi suna sulɓi gaba da baya a kan gilashin, kuma da aikin ya fi wuya, domin manyan Amphidinium cikin yashi suke shigewa da dare. Prorocentrum kuma ba ta cika motsi ba. Ostreopsis takan saki dutse da dare ta shiga ruwa tana yawo, shi ne dalilin da yashina ke yin fari da asuba, kuma nan ne lagonta: abin da ke yawo a ruwa ana iya tura shi ta fitilar UV, mai hasken da ke lalata ƙananan halittu.

Ita ce kuma ta fi dafi a cikinsu. Tana fitar da guba dangin palitoksin. A lokacin zafi na 2005, a gaɓar Jenowa ta Italiya, mutane kusan 200 suka nemi magani saboda zazzaɓi da tari da ƙaiƙayin ido bayan sun shaƙi feshin teku a lokacin da Ostreopsis ovata ta yi yawa. Daga yau safar hannu doguwa da tabarau, ba zuƙar tiyo da baki, taga a buɗe lokacin aiki.

Matakan da na tsayar: GFO ya fita yau. Fitilar Chaetomorpha ta koma awa huɗu, na yanke kashi biyu cikin uku na dunƙulen. Canjin ruwa ya tsaya. Abincin kifi ya koma yadda yake. Gawayin tacewa sabo ya shiga don ya kama gubar, zan riƙa sauya shi kowane mako. Zan ɗaga naitaret zuwa tsakanin 5 da 10, fosfet tsakanin 0.05 da 0.1, da ruwan magani na sodiyam naitaret da na fosfet, kaɗan-kaɗan. Sauran katantanwar na kwashe su zuwa wani bokiti mai famfon iska.

Akwai magungunan kashe gansakuka da ake sayarwa da sunan daino. Ban taɓa su ba. Ƙwayoyin da ke zaune cikin naman murjani suna ciyar da shi, wato zuzanteli, su ma dainofilajelet ne. Ban yarda in zuba dafin da aka yi don dangi ɗaya in yi tsammanin zai bar 'yan'uwansu ba.

12 ga Afrilu

Fitilar UV mai wat 18 ta iso. Ita ce abu mafi tsada da na saya tun bayan fitilar saman tanki. Na haɗa ta da ƙaramin famfo nata, tana ɗibar ruwa kai tsaye daga babban tanki ta mayar can, ba daga tankin ƙasa ba, domin a sama daino take yawo. Gudun ruwan wajen lita 400 a awa. Idan ya yi sauri, hasken ba ya samun lokacin da zai lalata ƙwayar, ita ba bakteriya ba ce, tana da girma da sulke. Ba a kallon ƙwan fitilar nan a kunne, yana ƙona ido.

Kullum bayan fitila ta mutu ina hura duwatsu da ɗan famfon hannu don in tayar da su cikin ruwa. Safar tacewa, jakar ƙyallen da ke kama datti, ina sauya ta da safe.

Abokina ya ba da shawarar a rufe tankin da kwali kwana uku ba haske. Duhu yana tilasta mata barin dutse, gaskiya ne, amma shi kaɗai ba ya kashe ta, kuma murjanina sun riga sun gaji. Na rage fitila zuwa awa shida, na kashe farar, na bar shuɗiyar.

19 ga Afrilu

Naitaret ya hau 5 ba gardama. Fosfet kuwa ya ƙi. Ina zuba abin da lissafi ya ce zai kai 0.03, washegari gwaji ya ce 0.00. Duwatsun ne ke shanyewa. Dutsen murjani kalsiyam kabonet ne, yana kama fosfet yana saki gwargwadon abin da ke cikin ruwan da ke kewaye da shi. A Maris yana saki, GFO ya tatse shi, yanzu kuma sai ya ƙoshi kafin ya bar wani abu a ruwa. Babu dabara sai ci gaba da zubawa kullum da awo kullum. Ruwan gwajin fosfet yana ƙarewa da sauri fiye da komai.

Zaruruwa sun gajarta. Murjani ɗaya da yauƙin ya lulluɓe ya narke, na cire shi.

27 ga Afrilu

Fosfet ya tsaya a 0.06 har safiya. Naitaret 8. A maikuroskop Ostreopsis ta ragu ƙwarai, sai an nema, kuma dayatom ta fara bayyana a tsakaninsu, masu siffar jirgin ruwa, suna tafiya a miƙe. Kore ya dawo gilashi. Gashi ma ya tsiro a dutsen sama, ban taɓa shi ba tukuna, domin duk inda ya rufe daino ba ta zauna ba.

Na zuba kwalbar kofifod, ƙananan halittun nan masu ɓawo, bayan na kashe UV na dare ɗaya.

6 ga Mayu

Faci ja mai sheƙi a kusurwar baya ta hagu, bayan babban dutse. Na hura masa ruwa ya ɗago falle guda. A maikuroskop zaruruwa ne sirara marasa rassa, suna ɗan lilo a hankali. Sayanobakteriya. Sunan gansakuka kawai ake ba ta, amma bakteriya ce mai amfani da haske, kuma an saba ganin ta bayan daino, lokacin da matattun ƙwayoyi suka taru a yashi.

Kusurwar nan ruwa ba ya motsi, datti a nan yake kwanciya. Na zuƙe facin da saman yashin, na juya famfon igiyar ruwa ya fuskanci can. Akwai maganin da ke share ta cikin kwana biyu, wasu ma eritromaisin suke sawa, amma yana rage iskar oksijin a ruwa, yana sa na'urar kumfa ta yi ambaliya, kuma ba sayano kaɗai yake kashewa ba. Wata guda ina ƙoƙarin cika tankin da ƙananan halittu, ba zan share su don faci mai faɗin tafin hannu ba. Idan ta hau murjani, sai a sake magana.

10 ga Mayu

Katantanwa sun koma tanki, suna ci. Canjin ruwa na farko tun Afrilu, kashi 5 kawai. Daino ba ta sake tasowa ba.

15 ga Mayu

Sabon murjani ya zo da ƙwallo uku kore masu ƙyalli a gindin abin da aka manna shi. Valonia ce. Kowane ƙwallo ƙwaya ɗaya tak ce, tana cikin manyan halittu masu ƙwaya ɗaya da aka sani. A wajen tanki na yi aikin: na yanke murjanin daga tsohon gindinsa, na manna shi a sabo, tsohon ya tafi shara. Da ta riga ta kama dutse, da sai in murɗe ƙwallon a hankali da tiyo a kusa, ko in kawo ƙaguwar Mithraculus sculptus, wadda wata ke ci wata ba ta ci.

Gashin dutsen sama na aske shi, na fitar da dutsen na ɗiga masa haidurojin feroksaid mai kashi 3 a inda ba murjani, na ɗauraye bayan 'yan mintuna. Sannan na sa bushiyar teku ɗaya, Mespilia globulus. Tana da ɗabi'ar ɗaukar duk abin da ba a manne ba ta ɗora a ka, don haka na bi murjanai da gam. Kifin tang da ake yaba wa cin ganye ba zai shigo ba, lita 200 ta yi masa kaɗan.

28 ga Mayu

Naitaret 7, fosfet 0.07, kalsiyam 420, alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana tsami) 8 dKH, magneziyam 1300. Fitila ta koma awa takwas da farar a rabin ƙarfi. Sayano ba ta dawo ba. A samfuri na ƙarshe daga yashi na ga Ostreopsis ɗaya-ɗaya, ba ta ƙare ba ke nan, an dai fi ƙarfinta.

Ɗige-ɗige masu ruwan hoda sun fito a bangon baya da jikin famfo, masu tauri, farce ba ya cire su. Koralin ce, jar gansakuka mai gina jikinta da kalsiyam kabonet. Ita ake so, domin inda ta shimfiɗu gashi ba ya samun wurin kamawa da sauƙi. Za ta riƙa jan alkaliniti, saboda haka awonsa ya koma sau biyu a mako. Bushiyar ma tana kankarar ta, na yarda da wannan asarar.

Wajen kuɗi, UV ce kan gaba, sai ruwan gwaji, sai gawayi. GFO da ya rage yana cikin kwalbarsa, ba zai koma ba sai fosfet ya wuce 0.15, kuma da rubu'in abin da na sa a Maris. Zan sayi maikuroskop nawa in mayar wa mai shi nasa.

A watan Yuni, in Allah ya kai mu: UV ta koma dare kaɗai na mako biyu, in ba abin da ya canza in kashe ta. Zan rage zuba naitaret in ƙara kifi ɗaya a maimakonsa, mai yiwuwa Salarias fasciatus idan gilashi da duwatsu suna da abin da zai ishe shi. Ƙaramin tankin killacewa na lita 40 zai fara aiki, duk sabon murjani ya zauna can a duba gindinsa kafin ya shiga babba. Murjani masu tauri sai koralin ta rufe aƙalla rabin bangon baya.